Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Wa Zai Tsaya Wa Marasa Lafiya In Annoba Ta Sake Zuwa?

Duk mutumin ƙasar Bauci da ke neman abinci a Kurmi ya san lokatan da hankalinsa ba ya kwanciya. Da kaka ta wuce, iska ta buso, aka shanya hatsi a tsakar gida da bakin hanya, to, ɓera ya sami abin da yake nema, lokacin zazzaɓin Lassa ya kama ke nan. Da bazara ta shigo, zafi ya tsananta, ƙura ta tashi, sai a shiga fargaban sanƙarau. Da ruwa ya sauka, kwata ta haɗu da rijiya, sai kuma amai da gudawa. Haka shekara take juyawa a ƙauyukan gundumar Zungur, tun daga Liman Katagum har bakin birnin Bauci, haka kuma take a galibin ƙasar Arewa.

Jihar Bauci ta sha waɗannan masifu a shekarun baya-bayan nan. A 2019 ciwon shawara ya ɓulla ta wajen gandun dajin Yankari a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. A 2021, shekarar da amai da gudawa ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 3,000, Bauci tana cikin jihohin da abin ya fi muni. Zazzaɓin Lassa kuwa, rahotannin Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, watau NCDC, sun sha jera Bauci tare da Ondo da Edo a matsayin jihohin da suka fi yawan masu kamuwa.

To, ga tambayar da ta kamata kowane magidanci da ya bar iyali a gida ya yi wa kansa. In wata rana ciwo ya shigo wanda ba a san maganinsa ba, sai ga baƙi sun sauka da wani sabon magani suna so su gwada shi a jikin marasa lafiya, wa ke da ikon ce musu "ku yi" ko "kada ku yi"? Maigida yana Agege ko Sabon Badun ko Fatakwal. Matarsa ce ko tsohonsa zai dangwala yatsa a takarda, yaro kuwa yana kwance rai a hannun Allah. Wa ya karanta takardar nan kafin ta iso gare su?

Aikin wani kwamiti ne da mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, watau kwamitin ɗa'ar binciken lafiya. Shi ne yake duba kowane gwaji da za a yi a jikin ɗan Adam tun ba a fara ba: mene ne amfaninsa, mene ne haɗarinsa, an gaya wa mutane gaskiya, sun yarda da kansu ko kuwa tilasta su aka yi, in wani ya cutu wa zai ɗauki nauyinsa. Arewa ta san illar rashin irin wannan kwamiti fiye da kowa a ƙasar nan.

ABIN DA YA FARU A KANO

A farkon 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa irin wanda ba a taɓa gani ba. Fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, galibinsu yara. A Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda aka fi sani da IDH, ya cika maƙil. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF tana wurin tana ba da maganin da aka daɗe da sani.

Ana cikin haka sai ga ayarin ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka sun sauka a asibitin da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin ba a ba shi izinin sayarwa ba ko a Amurka. Suka ɗauki yara kimanin 200. Rabinsu aka ba su Trovan, rabi kuma aka ba su wani sanannen magani don a kwatanta. Cikin 'yan makonni suka gama suka koma, annoba kuwa ba ta ƙare ba. Yara 11 suka rasu, 5 daga cikin waɗanda suka sha Trovan, 6 daga ɗaya rukunin. Waɗansu suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, domin ciwon da ma yakan kashe ya kuma naƙasa, kuma ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka magani ake ba 'ya'yansu kamar na kowa, ba a kuma gaya musu cewa a cikin asibitin nan akwai masu ba da sanannen magani kyauta ba.

Maganar ta kwanta har watan Disamba na 2000, lokacin da jaridar Washington Post ta tono ta. A farkon 2001 sai wani abu ya fito wanda ya fi kome tayar da hankali. Akwai wata takarda mai ɗauke da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, mai kwanan watan Maris na 1996, wadda ke nuna cewa kwamitin ɗa'a na asibitin ya amince da gwajin. Sai shugaban asibitin ya bayyana cewa a wancan lokaci asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ko kaɗan. Likitan da ya jagoranci aikin a Kano kuma ya amsa cewa daga baya aka rubuta takardar aka mai da kwananta baya. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi. Rahotonsa na 2001 ya ce gwajin ya saɓa wa doka, amma rahoton bai fito fili ba sai a 2006. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano da ta Tarayya suka kai ƙara. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a watan Agusta na 2011, shekara 15 bayan aukuwar abin, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta (DNA) don tabbatar da dangantaka. Shi kansa Trovan, Amurka ta ba shi izini a 1997 domin manya, amma a 1999 aka taƙaita amfani da shi saboda yana lalata hanta, ƙasashen Turai kuma suka dakatar da shi.

WANDA MACIJI YA SARA

Asarar ba ta tsaya a kan waɗannan yara ba. A 2003, da jita-jita ta yaɗu cewa an gurɓata maganin rigakafin shan inna, labarin Trovan yana cikin hujjojin da mutane suka riƙa kawowa. Kano da waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an kawo magani daga ƙasar Indunusiya. Kafin nan cutar ta daɗa yaɗuwa, ta tsallaka iyaka zuwa ƙasashen da a da sun rabu da ita. Sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Yara nawa ne suka gurgunce a tsakani saboda amana ta karye? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Bayan wannan ne Nijeriya ta ɗaura ɗamarar gyara. Aka kafa Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, aka fito da kundin ƙa'idojinsa a 2007, kana Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba shi gindin zama. Bisa wannan tsari, duk asibiti ko makarantar da ke binciken lafiya sai ta kafa nata kwamiti ta yi masa rajista, ko kuma ta jingina da wani mai rajista. Kwamitin ba na likitoci kaɗai ba ne, dole a sami wanda ba masanin kimiyya ba, da wanda ba ma'aikacin wurin ba, domin ya duba da idon talaka. In gwajin magani ne ko allura, sai kuma hukumar NAFDAC ta ba da nata izini. In za a fitar da jinin mutane ko wani abu na jikinsu zuwa waje, sai da rubutacciyar yarjejeniya. A Bauci akwai irin wannan kwamiti a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, akwai kuma na Ma'aikatar Lafiya ta Jiha.

Wannan ci gaba ne babba. Sai dai an gina tsarin ne domin lokacin zaman lafiya, lokacin da mai bincike zai kai takardunsa ya jira makonni ko watanni kafin kwamiti ya zauna ya ba shi amsa. Annoba kuwa ba ta jiran ranar taro.

DARASIN IKKO

Mazauna Ikko ba za su manta da 2014 ba. Ran 20 ga watan Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin sama ɗauke da cutar Ebola. Aka kai shi wani asibiti a Obalende, inda Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata. Ita ma ta kamu, ta rasu ran 19 ga watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a Nijeriya, 8 suka rasu, ran 20 ga watan Oktoba aka bayyana ƙasar ta kuɓuta.

A waɗannan makonni tsoro ya sa mutane sun kama kowane irin zance. Aka wayi gari ana wanka da ruwan gishiri ana sha, har waɗansu suka rasa rayukansu. Aka kuma ba da sanarwar cewa za a gwada wani abu mai suna Nano Silver a jikin masu jinya. Amma da aka auna shi da ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa sai aka ga bai cika sharaɗi ba, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ce ba za a yi amfani da shi ba. Abin da aka rasa a Kano a 1996, watau mai cewa "dakata", an same shi a Ikko a 2014.

Amma fa Ebola ta koyar da wani darasi na biyu, wanda shi ne kishiyar na Kano. A Gini da Saliyo da Laberiya fiye da mutum 28,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke shawara a watan Agusta na 2014 cewa ya halatta a gwada magungunan da ba a gama tabbatar da su ba, bisa sharuɗɗa. Amma kafin a gama rubuta tsarin gwaji, a sasanta tsakanin ƙasashe, a sami izinin kwamitoci daban-daban, annobar ta fara lafawa. Gwajin maganin ZMapp an shirya shi ne da mutum 200, amma 72 kaɗai aka samu, saboda haka ba a iya yanke hukunci a kansa ba. Watau gaggawa marar tsari tana kisa, jinkiri ma yana kisa, domin yakan bar likitoci cikin duhu har annoba ta gaba.

Korona ta sake nuna haka. A watan Maris na 2020 an kwantar da mutane a Ikko saboda sun ɗirki kulorokwin fiye da kima. A Bauci, Gwamna Bala Abdulƙadir Muhammad, wanda shi kansa ya kamu da cutar ya warke, ya ba da umarnin a yi amfani da kulorokwin wajen jinyar masu cutar. A wancan lokaci duniya duka lalube take yi. Abin da ya raba gardama shi ne wani babban gwaji da aka yi a Ingila, wanda aka ɗauki mara lafiya na farko cikinsa kwana 9 kacal bayan rubuta tsarinsa, tare da cikakken izinin kwamitin ɗa'a. A watan Yuni na 2020 ya nuna cewa ɗan'uwan kulorokwin da ake ta yayatawa ba ya rage mutuwa ga waɗanda aka kwantar, amma wani tsohon magani mai araha, dexamethasone, yana rage mutuwar waɗanda aka sa wa na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku.

Misali mafi kusa shi ne na Yuganda. A 2022 wani nau'in Ebola ya ɓulla a can, allurar da za a gwada ta iso bayan kwana 79, amma annobar ta ƙare ba a kai ga gwajin ba. Sai Yuganda da Hukumar Lafiya ta Duniya suka ci gaba da shiri: aka rubuta tsarin gwajin, kwamitoci suka duba suka amince, aka horar da ma'aikata, aka ajiye allurar. Da cutar ta dawo a ƙarshen watan Janairu na 2025, cikin kwana 4 aka fara gwaji. Ba a tsallake ko ƙa'ida ɗaya ba, an dai yi aikin ne tun kafin ranar bukata.

INDA BAUCI TA SHIGO

Wani zai ce ina ruwan manomin Zungur da wannan dogon Turanci? Ruwansa kuwa shi ne zazzaɓin Lassa. Tun 1969 aka gano cutar a garin Lassa na ƙasar Borno. Maganin da aka daɗe ana ba masu ita, ribavirin, ya dogara ne a kan wani bincike da aka buga a 1986 daga Saliyo, wanda masana da yawa daga baya suka ce hujjarsa ba ta da ƙarfi. A 2024 aka fara mataki na biyu na gwajin wata allurar rigakafin Lassa a Abuja, domin har lokacin babu wadda aka yi wa rajista a duniya. In za a tabbatar da cewa allura ko magani yana aiki, dole a je inda cutar take, Bauci kuwa tana sahun gaba. Masu jinyar Lassa daga ƙauyukan kewayen birni asibitin koyarwa ake kai su. Saboda haka masu bincike za su zo, ya kuma kamata su zo.

Bincike mai tsabta alheri ne, sanƙarau ma shaida ne. Sabuwar allurar rigakafin da ke kare nau'i biyar na ƙwayar cutar, wadda Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a watan Maris na 2024, lokacin da cutar ta ɓulla a jihohin da suka haɗa da Bauci da Jigawa da Yobe, an gwada ta ne a jikin mutanen Mali da Gambiya waɗanda suka amince da kansu. Da sun ƙi, da yaran Arewa ba su samu ba.

SHIRIN DA AKE BUKATA

Masu nazarin wannan al'amari sun haɗu a kan waɗansu abubuwa da ya kamata a tanada tun ana zaune lafiya.

Na farko, cututtukan da ke zuwa Bauci sanannu ne, lokatansu ma sanannu ne. Babu dalilin da zai hana a rubuta tsarin gwaji na Lassa da sanƙarau da amai da gudawa tun yanzu, kwamiti ya duba a tsanake ya ajiye, ranar da ciwo ya ɓulla sai a cike guraben da suka rage.

Na biyu, kowane kwamiti ya rubuta ƙa'idar zaman gaggawa: cikin kwana nawa zai ba da amsa, wa zai maye gurbin wanda ba ya nan, yaya za a yi taro ta waya in an hana zirga-zirga kamar yadda aka yi a 2020. Galibin 'yan kwamitin likitoci ne, su ne kuma annoba take fara riƙewa a bakin gadon marasa lafiya. Gajarta lokaci ake nema, ba rage tambayoyi ba. Sanarwar Helsinki, wadda likitocin duniya ke bi tun 1964, da aka yi mata gyara a 2024 ta jaddada cewa ƙa'idojin ɗa'a ba sa faɗuwa saboda annoba.

Na uku, in gwaji ɗaya za a yi a Bauci da Owo da Irrua, bai kamata takarda ta yi ta yawo daga kwamiti zuwa kwamiti kowa yana sake karantawa daga farko ba. A zauna tare a duba sau ɗaya, kana kwamitin gida ya duba abin da ya shafi mutanensa. Ƙasashen Afirka suna da dandalin irin wannan duba na haɗin gwiwa tun 2006, an kuma yi amfani da shi lokacin Ebola.

Na huɗu, takardar neman amincewa ta kasance da Hausar da ake ji a kasuwa, da Fulatanci da sauran harsunan yankin in da hali, a kuma karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaidan da ba ma'aikacin masu bincike ba. A sanar da hakimai da dagatai da limamai da ungozomomi tun da wuri. Amma yardar dagaci ba ta maye gurbin yardar mai jiki.

Na biyar, kwamiti ya sami kuɗin aikinsa daga gwamnati. Kwamitin da ke jiran mai bincike ya saya masa takarda da man mota ba zai iya ɗaga murya ba. Aikinsa kuma bai ƙare da sa hannu ba, sai ya bi sawu ya ga abin da ake yi a ɗakin jinya, ya kuma tabbata cewa in magani ya yi nasara mutanen da aka gwada a jikinsu ba za a bar su a baya ba.

SAƘO ZUWA GIDA

Kafin hukuma ta gama nata, mai karatu yana da nasa. In ya buga waya gida ko ya je hutun salla, ya koya wa iyalinsa tambayoyin da za su yi wa duk wanda ya kawo musu takarda a asibiti. Wannan jinya ce ko gwaji? Wane kwamiti ne ya amince, ina takardarsa? Akwai wani maganin da aka saba bayarwa? In aka ƙi shiga, za a ci gaba da duba mara lafiya? In wani abu ya faru, wa za a nema, wa zai biya? Ƙa'ida ta ba kowa ikon ya ƙi, ko ya janye bayan ya shiga, ba tare da an hana shi magani ba. Su kuma karɓi kwafin takardar su adana.

Har ila yau, a bambance tsakanin gwaji da rigakafin da aka riga aka tabbatar. Allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau da ɗigon shan inna sun wuce matakin gwaji, hana yaro su cutar da shi ne. Ƙungiyoyin 'yan Bauci da ke Ikko da Badun da Shagamu, waɗanda ke tara kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a gida, suna iya rubuta wa wakilansu a Majalisar Jiha su tambaya ko nawa aka ware wa kwamitin ɗa'a a kasafin kuɗi, ko kuma yana da ƙa'idar zaman gaggawa.

Iyayen Kano na 1996 ba su sami mai yi musu waɗannan tambayoyi ba, sun jira shekara 15 kafin a fara biyansu, yaran da suka rasu kuwa ba su dawo ba. Iska za ta sake busowa, ɓera zai sake shiga rumbu. Allah ya kiyaye, ya kuma ba shugabanni ikon yin shiri tun da sauran lokaci, amin.